Sassabin Zamani: Yadda Manoman Nijar Suka Mai Da Kututture Jari

Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonaki da dama a jihohin Maradi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar sun zama fako. Iska kan binne shuka da rairayi, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a damina guda. Dashen itatuwa kuwa ya ci kuɗi masu yawa, amma akasarin dashen mutuwa ya yi.

A shekarar 1983 ne wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa tsirran da ake sassabewa kafin damina toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, waɗanda saiwarsu ke nan da rai. Dabarar da ake kira sassabin zamani ita ce manomi ya zaɓi 'yan rassa mafi ƙarfi a kowane kututture, ya datse saura, ya kare su daga dabbobi da wuta. Tun da saiwa ta riga ta kafu, itacen kan girma da sauri, kuma jarin da ake bukata bai wuce adda da ƙwadago ba.

Ribar ta fi fitowa fili a wajen gawo. Yana kaɗe ganyensa da damina, saboda haka ba ya tare wa gero rana. Ganyen yakan zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da ake sayarwa a kasuwa. Har ila yau, rassan da aka datse sukan samar da itacen girki.

Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam a shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta miliyan 5 masu itatuwa kimanin miliyan 200, tare da ƙarin hatsi na wajen tan 500,000 a shekara.

Ginshiƙin nasarar shi ne mallaka. Muddin itace na hukuma ne, manomi ba shi da dalilin renonsa. Da aka sassauta dokokin gandun daji, sai itace ya zama kadara, kuma a 2020 gwamnatin Nijar ta tabbatar wa manoma wannan haƙƙi da doka.

A Nijeriya, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 a 2021 domin shirin ACReSAL, mai burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya a jihohin Arewa 19 da Abuja. Darasin Maradi ga wannan shiri shi ne, kuɗi ba za su wadatar ba sai manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena nasa ne.