Tuna Baya: Farfesa Ishaya Audu, Ɗan Ƙauyen da Sakkwatawa Biyu Suka Ba Amana

Duk matafiyin da ya baro birnin Sakkwato ya bi ta Boɗinga, ba zai jima ba zai isa Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari. Dattawan wannan yanki sun haddace labarin zaɓen 1979. Abin da matasa ba su cika ji ba shi ne, da ɗan garin nasu ya hau mulki, wani Bahaushe Kirista ya damƙa wa ma'aikatar harkokin waje. Sunansa Farfesa Ishaya Audu.

An haife shi a 1927 a Anchau, cikin ƙaramar hukumar Kubau ta Jihar Kaduna a yau. Mahaifinsa, Malam Bulus Audu, ya fito ne daga zuriyar Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim na Kano waɗanda suka fifita Annabi Isa a karatunsu. Bayan an kashe malaminsu a ƙarni na 19, sai suka watsu cikin karkara. A wajajen 1913 wasu daga cikinsu suka haɗu da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, suka karɓi addinin Kirista, aka kafa musu ƙauye a Gimi.

Zaman bai ɗore ba. Ƙudan tsando da ke kurmin bakin rafi ya riƙa yaɗa ciwon barci, mutum ya fara da zazzaɓi da kumburin kaluluwa a wuya, daga baya ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka har rai ya yi halinsa. Cutar ta ci mutanen Gimi da yawa, sauran suka tashi. Ita ce kuma ta addabi ƙasar Anchau har Turawa suka sa aka sare kurmi, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. A irin wannan ƙasa yaron da zai zama likita ya buɗe ido.

Wusasa ce ta raine shi. A can mishan suka koma a ƙarshen shekarun 1920, suka gina cocin Saint Bartholomew da jar ƙasa, da bakan gizo da azara irin na soron Hausawa, da makaranta da asibiti a gefe. Da Hausa ake addu'a, da Hausa ake waƙa, kuma a 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Daga nan Ishaya ya wuce Legas da Ibadan, sannan Ingila, ya dawo da ƙwarewa a kan cututtukan yara.

Basakkwace na farko da ya amince masa shi ne Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya ɗauke shi likitansa. Sardauna daga zuriyar Shehu Usmanu yake, mai yawon musuluntar da jama'a, amma a hannun ɗan mishan ya bar lafiyarsa. A 1966 Ishaya ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, ya riƙe ta har 1975, ciki har da shekarun yaƙin basasa.

Na biyun shi ne Shagari, wanda ma abokin hamayyarsa ne: Ishaya ne ya tsaya wa Dokta Nnamdi Azikiwe mataimaki a jam'iyyar NPP. Da NPN ta Shagari da NPP suka ƙulla ƙawance, Ishaya ya samu kujerar minista, ya riƙe ta har 1983. Sojoji da suka kifar da gwamnati a ƙarshen wannan shekara sun tsare shi tare da sauran 'yan siyasa.

Da ya fito, bai nemi zama a Legas ko Landan ba. Samaru ya koma, ya buɗe asibiti, yana duba marasa lafiya yana kuma hidimar coci. Shi da mai ɗakinsa, 'yar ƙasar Edo, sun raini 'ya'ya shida. Ya rasu a watan Agusta na 2005, yana da shekara 78.

Irinsa suna nan a ƙauyukan Zariya da Kano da Katsina: dattawa masu gona da iyali, sunansu Bulus ko Yohanna, Hausarsu ta gado. Ya kamata 'ya'yansu da malaman tarihi na jami'o'inmu su zauna da su, su rubuta abin da suka sani tun suna raye.