Kyafa talo-talo a gida: wuta a hankali, hayaƙi kaɗan

Duk ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba Amurkawa na yin bikin godiya da suke kira Thanksgiving, wanda Shugaba Abraham Lincoln ya mayar da shi na ƙasa baki ɗaya a 1863. Naman ranar talo-talo ne, tsuntsun da asalinsa ma daga can nahiyar yake: mutanen Meziko suka fara kiwonsa, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga nan ya watsu. Yawancin gidaje a tanda suke gasa shi. Amma akwai masu fita tsakar gida tun da sassafe, musamman a jihohin kudu irin su Texas, su hura gawayi a cikin rufaffen murhu, su bar tsuntsun yana nuna a hankali cikin hayaƙin itace har la'asar. Naman yakan fito da launin ƙasa-ƙasa mai sheƙi, cikinsa da laima, ƙamshin itacen ya ratsa shi.

Bahaushe ba baƙon hayaƙi ba ne a kan nama. Wanda ya san bandar kifin Baga, ko ya ga yadda ake kyafe naman layya don ya kai makonni, zai ce ai wannan tsohon zance ne. To akwai bambanci babba, kuma wanda bai lura da shi ba yana iya kwantar da iyalinsa. Mai banda so yake ya kori ruwan jikin nama har ya bushe ƙayau, don ya daɗe bai lalace ba. Mai kyafa talo-talo irin na Amurka kuwa ƙoƙarinsa duka kada ruwan nan ya fita. Dahuwa ce kawai ta a hankali. Zafi ke dafa naman, hayaƙi ɗanɗano da launi yake ƙarawa. Saboda haka abin da aka sauke dafaffen nama ne mai laima, ba ya ajiyuwa a kwando ko a rataye a madafa.

Wahalar talo-talo ita ce nama iri biyu ne a jiki ɗaya. Ƙirjinsa fari ne, ba kitse, da zarar zafin cikinsa ya wuce digiri 74 a ma'aunin Salshiyas sai ya fara bushewa, ya koma kamar ana tauna auduga. Cinyoyi kuwa jan nama ne mai jijiya, ba sa sakin jiki sai sun kai wajen digiri 80. Ga shi kuma tsuntsun da girma. Irin da ake kiwo a gonakin Amurka an yi ta zaɓensa saboda faɗin ƙirji, har ta kai namijin ba ya iya barbara da kansa, sai an yi wa matan barbarar hannu ta hanyar ɗura maniyyi. Namu na gida da ke yawo yana tsince-tsince bai kai wannan tsoka ba, ya fi tauri, ya kuma fi ɗanɗano a ganina, amma ƙirjinsa ya fi saurin bushewa. Idan shi za a kyafa, a nemi matashi. Tsohon namijin da ya shekara uku yana buɗa wutsiya a tsakar gida, tukunyar farfesu ce ta dace da shi.

Girman ma a kula. Masu wannan aiki sun fi son tsuntsun da bai wuce kilo 5 zuwa 6 ba bayan an gyara shi. Dalili kuwa, ƙwayoyin cuta irin su salmonela suna hayayyafa ne tsakanin digiri 4 da 60, kuma ƙaton tsuntsu a kan wuta mai sanyi yakan daɗe cikinsa bai haye wannan mataki ba. Wannan dalilin ne ya sa ba a cusa masa shinkafa ko dankali a ciki in za a kyafa shi. Albasa guda da aka raba biyu da 'yar tafarnuwa sun isa. In daskararre ne aka saya, sai ya narke sarai tukuna, a cikin firji, kuma yana cin kusan kwana guda ga kowane kilo 2.

Akwai dabarar da ke rage rabin wahalar. A kifa tsuntsun, a sa almakashi mai ƙarfi ko wuƙa a yanke ƙashin baya ta gefe biyu a cire shi, a juyo shi a danna ƙirjin da tafin hannu har a ji ƙas, ya baje. Masu gasa kaza a bakin titi sun daɗe da sanin wannan. Da ya baje, zafi na samun ko'ina daidai, cinyoyi suna daga waje inda wuta ta fi, lokacin dahuwa kuma ya ragu sosai. Abin da aka rasa kawai shi ne kwalliyar kawo shi sukutum a faranti, wadda Amurkawa ke ji da ita.

Sai gishiri, kuma tun jiya ake sa shi. Wasu na jiƙa tsuntsun a ruwan gishiri, kamar giram 50 zuwa 60 a kowace lita, na awa 12 zuwa 24. Wasu kuma su shafe shi da busasshen gishiri, kamar giram 10 ga kowane kilo na nama, har ƙarƙashin fata, su bar shi a buɗe cikin firji ya kwana. Gishirin yana shiga tsoka ya sassauta ta, sai ta riƙe ruwanta in ta ji wuta. Na fi yarda da busasshen: ba ya neman ƙaton bokiti, fatar kuma tana kwana ta bushe, wanda shi ne sharaɗin ta yi ƙaras-ƙaras daga baya. Ko wanne aka ɗauka, a cikin sanyi ake yinsa. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a sa shi a leda mai kauri a binne cikin ƙanƙara a kula, a riƙa duba ƙanƙarar. Barinsa a ruwan gishiri a tsakar ɗaki ya kwana ganganci ne. Da safe a goge shi, a shafa mai, a barbaɗa masoro da citta da tafarnuwa da barkono daidai son mutum. Yajin da ke da ƙuli da yawa a ajiye shi sai wajen ci, don awanni a kan wuta suna ƙona shi ya yi ɗaci.

Murhun ba sai an sayo na kanti ba. Abin da ake bukata wuri ne mai murfi, da ƙofar iska a ƙasa da wata a sama, da ragar ƙarfe da za a ɗora naman. Rabin duro irin na masu gashi yana yi, muddin an tabbatar ba man fetur ko maganin ƙwari ko wani sinadari aka taɓa zubawa a cikinsa ba, an kuma ƙone fentinsa tas kafin nama ya kusance shi. Garwashi a tara shi gefe guda, tsuntsun a ɗaya gefen, a ƙarƙashinsa a ajiye tire da ruwa. Tiren nan yana aiki biyu: ruwan yana hana zafi hawa da sauka barkatai, sannan yana tare kitsen da ke ɗiga. Kitse in ya faɗa kan garwashi yakan tashi da baƙin hayaƙi mai ɗauke da sinadaran da likitoci ke dangantawa da ciwon daji, ga shi yana ɓata ɗanɗano. Kuma a fili ake wannan aiki. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kuma kisa.

Zafin cikin murhun ana riƙe shi tsakanin digiri 110 da 135. A wannan wuta tsuntsu mai kilo 5 da ba a baje ba yana iya cin awa 5 zuwa 7. Da yawa yanzu sun gwammace su ɗaga wutar zuwa 150 ko 160, ko dai tun farko ko a awar ƙarshe, domin fatar talo-talo a wuta mai sanyi takan fito da danƙo, ba ta taunuwa. Da ƙofofin iska ake sarrafa wutar: a buɗe ta ƙasa zafi ya hau, a rage ta ya sauka. Ta sama kuwa a bar ta a buɗe, hayaƙi ya riƙa wucewa. Yawan ɗaga murfi ana leƙe yana zubar da zafin da aka tara, kowane leƙe sai ya ƙara lokaci.

Wajen itace ne mutane suka fi zaƙewa. Amurkawa na amfani da itacen tuffa da ceri don ƙamshi mai laushi, hikori don mai ƙarfi, mutanen Texas kuma da meskit, wanda ɗan'uwan ƙiryarmu ne. Naman talo-talo yana saurin ɗaukar hayaƙi, don haka gutsure biyu ko uku masu girman dunƙulen hannu a kan garwashi sun wadatar, a awanni biyun farko. A nan busasshen itacen gwaiba ko na lemo zai yi. A guji ɗanyen itace, da mai ƙaro, da itacen turare, da duk katakon da aka yi wa fenti ko aka sa wa maganin gara. A dubi abin da ke fita ta ƙofar sama: hayaƙi siriri mai ɗan shuɗi-shuɗi, wanda da ƙyar ake ganinsa, shi ne ake so. In ya turnuƙe fari fat ko ya yi duhu, wutar ba ta samun iska, kuma naman zai fito da ɗaci mai kama harshe.

Yaya za a san ya nuna? Ido ba ya faɗa. Hayaƙi yana rina fatar tun cikin bai yi nisa ba, sannan yakan bar wani ja-ja a ƙarƙashin fata ko da naman ya nuna lugub. Wannan jan ba jini ba ne, iskar da ke cikin hayaƙin ce ke haɗuwa da sinadarin da ke ba tsoka launi, sai launin ya zauna. Masu gasar gashi a Amurka ma alfahari suke da shi. Abin dogaro shi ne ma'aunin zafi mai tsinke. A soka shi a inda ƙirji ya fi kauri, da can cikin cinya, ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta tsayar da digiri 74 a matsayin mafi ƙarancin zafin da naman kaji da danginsu zai kai kafin a ci. In ƙirji ya kai cinya ba ta kai yadda ake so ba, a lulluɓe ƙirjin da takardar alminiyom a ci gaba, ko a yanke cinyoyin a mayar da su su kaɗai.

Da an sauke, kada a hau shi da wuƙa. A bar shi ya huta minti 20 zuwa 30, ruwan cikinsa ya daidaita, in ba haka ba duk a kan faranti zai tsiyaye. A cire cinyoyi da fukafukai, a zare kowane ɓarin ƙirji ɗungurungum daga ƙashi, sannan a yanka shi a kwance, fale-fale.

Abin da ya rage a raba shi ƙanana a sa a firji kafin awa biyu, ko awa ɗaya in zafin gari ya haura digiri 32, wanda a wurinmu shi ne mafi yawan shekara. A firji yana kai kwana uku zuwa huɗu. Ƙasusuwan, har da ƙashin bayan da aka cire tun farko, a zuba su a tukunya da albasa da ruwa a bar su su yi ta tafasa a hankali. Romon yana ɗauke da ƙamshin hayaƙin, yana kuma gyara miyar kuka ko dafa-dukan washegari.