Tsara manufofi da fifiko a ƙananan hukumomin kudancin Kano

Tsara manufofi da fifiko hanya ce da ƙaramar hukuma ke bi wajen fayyace dalilin kafa ta, da abin da take son cimmawa cikin wani wa'adi, da kuma aikin da za ta fara yi kafin wani. Ana buƙatar wannan tsari ne domin buƙatun jama'a sun fi kuɗin da ke shiga asusun hukuma yawa. Ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, waɗanda ke cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, misali ne na yadda doka ɗaya ke haɗa hukumomi, amma yanayin ƙasa da yawan jama'a su sa kowace ta fifita abu dabam.

Ma'anar kalmomi

Manufa ita ce amsar tambayar "don me aka kafa hukumar?", kuma ba ta sauyawa da sauyin shugaba. Buri shi ne sakamakon da ake son gani, wanda ake iya ƙirgawa kuma yake da lokaci, kamar yawan rijiyoyin burtsatse da za a gyara kafin ƙarshen shekara. Fifiko kuwa shi ne jera ayyuka bisa muhimmancinsu, wato sanin wanda za a fara da wanda zai jira.

Tushe a doka

Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na shekarar 1976 ne ya maye gurbin tsarin En'e da tsari iri ɗaya a duk faɗin Najeriya, ya kuma mayar da ƙaramar hukuma mataki na uku na gwamnati. A yau akwai ƙananan hukumomi 774 a ƙasar. Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanadi cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙa tafiyar da su, ya kuma ɗora musu nauyin shiga cikin tsara tattalin arzikin yankinsu.

Jadawali na huɗu na kundin ya lissafa ayyukansu. Daga ciki akwai kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da maƙabartu, gina ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, kwashe shara, da rajistar haihuwa, mutuwa da aure. Akwai kuma ayyukan da suke yi tare da gwamnatin jiha, wato ilimin firamare da na manya, kiwon lafiya, da bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, ban da haƙar ma'adinai. Saboda haka manufar ƙaramar hukuma ba abin da shugaba zai ƙirƙira ba ne. Abin da ya rage masa da kansilolinsa shi ne zaɓen buri da fifiko.

Yanayin ƙananan hukumomin huɗu

Dukkansu suna cikin mazaɓar sanatan Kano ta Kudu. Kiru da Bebeji suna da ɗan majalisar wakilai ɗaya, haka ma Doguwa da Tudun Wada. Jimillar mazaɓun kansilolinsu 50 ne: Kiru 15, Bebeji 14, Tudun Wada 11, Doguwa 10.

Bebeji tana da faɗin murabba'in kilomita 717, da mutane kimanin 189,000 a ƙidayar 2006. A yankinta ne madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako. Madatsar tana ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da kogunan Haɗeja da Jama'are, don haka ƙaramar hukuma ba ta da iko a kan ruwan. Abin da ke hannunta shi ne hanyoyin da manoman rani da masunta ke bi su kai kaya kasuwa.

Kiru tana da murabba'in kilomita 927 da mutane kimanin 265,000, wato ta fi sauran ukun yawan jama'a. A cikinta ne Kwanar Ɗangora take, mahaɗar da hanyar Jos ke rabuwa da hanyar Kano zuwa Zariya. Irin wannan wuri yana kawo kuɗin shiga daga kasuwa da tasha, yana kuma kawo nauyin shara da magudanan ruwa. A dajin Ɗansoshiya kuwa, batun wurin kiwo da burtali ne ya fi ɗaukar hankali.

Tudun Wada tana da murabba'in kilomita 1,204 da mutane kimanin 232,000. An san ta da noman shinkafa da gyaranta da cinikinta, shi ya sa rumfunan kasuwa, wurin ajiya da hanyoyin ƙauye suke da muhimmanci a tsarinta.

Doguwa, wadda hedikwatarta ke Riruwai, ita ce ƙarshen Jihar Kano ta kudu, tana iyaka da jihohin Kaduna da Bauchi. Faɗinta murabba'in kilomita 1,473 ne, mutanenta kuwa kimanin 151,000. Ƙasa ce mai duwatsu, kuma wani ɓangare na dajin Falgore yana cikinta. An daɗe ana haƙar kuza a Riruwai, amma ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya suke.

Waɗannan alƙaluma suna nuna cewa a Kiru kusan mutum 290 ne ke zaune a kowane murabba'in kilomita, a Doguwa kuwa kimanin 100. Asibiti ɗaya a Kiru zai iya amfanar mutane da yawa da ke kusa da shi. A Doguwa nisa ce babbar matsala, domin asibitin da ba a iya kaiwa gare shi da damina bai amfani mai naƙuda ba. Saboda haka gada ko kwalbati na iya zama aikin lafiya na farko a wannan yanki.

Matakan tsarawa

Ana fara ne da tattara bayanai a kan makarantu, asibitoci, rijiyoyi da hanyoyin da ake da su, da halin da suke ciki. Daga nan sai a saurari jama'a mazaɓa-mazaɓa, ta hannun kansiloli, hakimai, dagatai, masu unguwanni, malamai, ƙungiyoyin manoma da makiyaya, da na mata da matasa. Sai a auna kowace buƙata da wasu tambayoyi: mutum nawa za ta amfana, nawa za ta ci, shin tana cikin hurumin ƙaramar hukuma, kuma wa zai kula da aikin bayan an gama shi?

Ayyukan da suka tsallake wannan mataki su ake sakawa a kasafin kuɗin shekara, wanda shugaba ke gabatarwa majalisar kansiloli ta amince. Aikin da bai shiga kasafi ba alkawari ne kawai. Mataki na ƙarshe shi ne bibiya, a gwada abin da aka yi da abin da aka rubuta.

Kuɗi da ƙalubale

Ƙananan hukumomin Najeriya suna raba kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, da kashi 35 na harajin kayan masarufi. Harajin da ƙananan hukumomin karkara ke tarawa da kansu kaɗan ne, kuma albashin ma'aikata da malaman firamare ne ke cinye kaso mai yawa na abin da suke samu.

Sashe na 162 na kundin ya kafa asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, wanda aka daɗe ana sukarsa da cewa yana mayar da shawarar ayyuka hannun jiha. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa shugabannin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Jihar Kano ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a ranar 26 ga Oktoba, 2024.

Sauran ƙalubalen sun haɗa da rashin sabuwar ƙidaya tun 2006, da watsi da ayyukan da shugaban baya ya fara, da raba kuɗi ƙanana-ƙanana ga kowace mazaɓa don gudun ƙorafi, har a rasa aiki ɗaya da aka kammala.

Misalai daga wasu wurare

A zamanin Shugaba Obasanjo an ɓullo da shirin LEEDS domin kowace ƙaramar hukuma ta rubuta tsarin ci gabanta. A Jamhuriyar Nijar, ƙananan hukumomi sun saba rubuta tsarin raya ƙasa na shekaru da dama. Birnin Porto Alegre na ƙasar Brazil kuwa ya shahara da tsarin da ya fara a 1989, inda mazauna unguwanni ke taruwa su zaɓi ayyukan da za a kashe wa wani kaso na kasafin birnin.