Gasar golf ta Nigerian Open: inda zakarun duniya suka fara cin kofi a kan rairayi

A Daura ko Katsina, idan aka ambaci wasan manya, hankalin mutane kan doki yake tafiya: hawan sallah, Hawan Magajiya, sukuwa, da kuma ƙwallon dawaki. Kaɗan ne za su kawo wasan golf cikin lissafi, wasan da galibi ake gani a talabijin, inda Turawa ke bin wata 'yar farar ƙwallo cikin filin ciyawa.

To amma Najeriya ta taɓa zama zango a harkar wannan wasa. Daga 1969 zuwa 1999 an riƙa gudanar da wata gasa ta ƙwararrun 'yan wasa maza mai suna Nigerian Open, kuma cikin waɗanda suka ci kofinta akwai mutanen da daga baya suka zama zakarun duniya. A cikinta ne ma aka kafa wani tarihi a 1981 wanda ya daɗe ba a goge shi ba.

Yadda ake lissafin sakamako

Sakamakon golf yakan rikita wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, domin a nan mai ƙaramar lamba shi ne gwani. Cikakken fili yana da ramuka 18. Ɗan wasa zai bugi ƙwallo da sanda daga wurin farawa har ya jefa ta cikin rami, wanda faɗinsa bai wuce inci huɗu da kwata ba, kuma ana ƙidaya kowane bugu. Doka ba ta yarda ya riƙe sanda fiye da 14 a jakarsa ba.

Kowane rami yana da adadin bugun da ake sa ran ƙwararre zai yi kafin ya kammala shi, uku ko huɗu ko biyar, gwargwadon nisansa. Wannan adadi shi ake kira par. Idan aka tara na ramuka 18, yawanci yakan kama 70 zuwa 72. Gasar ƙwararru kuwa kwana huɗu ake yi, zagaye ɗaya kowace rana, watau ramuka 72 ke nan. Bayan kwana biyu akan sallami waɗanda ke ƙasa a jadawali, kuma bisa al'ada wanda aka sallama ba ya samun ko sisi daga kuɗin gasa, alhali shi ya biya kuɗin jirginsa da masaukinsa.

Wannan tsari ne ya sa gasa irin ta Najeriya ta yi daraja. A lokacin hunturu filayen Turai ba sa wasuwa, don haka matasan 'yan wasan Birtaniya sukan gangaro Afirka su nemi na abinci a wani jerin gasanni da aka sani da Safari Circuit, wanda ya haɗa da Najeriya, Kodebuwa, Kenya, Zambiya da kuma Zimbabuwe. Ta Najeriya galibi a kulob ɗin Ikoyi da ke Legas ake yin ta.

Waɗanda suka ci kofin

A 1971 wani Ba'amurke baƙar fata, Lee Elder, ya lashe gasar. Elder maraya ne da ya fara rayuwa a matsayin yaro mai ɗaukar wa 'yan wasa jaka, a zamanin da ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Amurka ke da dokar da ta keɓe zama memba ga fararen fata kaɗai, dokar da ba a soke ba sai a 1961. A shekarar da ya ci kofin Najeriya ne kuma ya je Afirka ta Kudu bisa gayyatar Gary Player, ya buga wasa tare da fararen fata a tsakiyar mulkin wariyar launin fata. Shekaru huɗu bayan haka, a 1975, ya zama baƙar fata na farko da ya buga gasar Masters a Augusta. Ya rasu a 2021.

Jack Newton ɗan Ostireliya ya ci a 1974. A 1978 wani saurayi daga Birtaniya, Sandy Lyle, wanda bai wuce shekara 20 ba, ya ɗauki kofinsa na farko a matsayin ƙwararre a Legas. Shi ne daga baya ya lashe gasar British Open a 1985, da Masters a 1988. David Jagger da Bill Longmuir kowannensu sau uku ya ci, yayin da Ewen Murray, wanda masu kallon golf a talabijin suka fi sani da sharhin wasa, ya ci a 1984, lokacin da Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ke shugabancin mulkin soja.

Labarin da ya fi ɗaukar hankali dai shi ne na Vijay Singh ɗan tsibirin Fiji. A tsakiyar shekarun 1980 an dakatar da shi daga gasannin Asiya bisa zargin sauya lamba a katin sakamakonsa, zargin da ya musanta. Ya koma koyar da golf a wani kulob a tsibirin Borneo yana tara ɗan abin da ya samu. Najeriya na cikin wuraren da ya farfaɗo: ya ci gasar a 1988, ya sake ci a 1989. Bayan shekaru ya lashe gasar PGA sau biyu, a 1998 da 2004, da Masters a 2000, kuma a watan Satumban 2004 ya ture Tiger Woods daga matsayi na ɗaya a duniya.

'Yan Afirka ta Yamma ma ba a bar su a baya gaba ɗaya ba. James Lebbie na Saliyo ya ɗauki kofin a farkon shekarun 1990, sannan Peter Akakasiaka ya daɗe yana zama fitaccen ɗan Najeriya a wannan fage.

Bugu 255

Sunan Peter Tupling bai shahara kamar waɗancan ba, amma shi ne mai tarihin. A gasar 1981 wannan Bature ɗan Ingila ya yi bugu 63 a ranar farko, 66 a ta biyu, 62 a ta uku, da 64 a ta ƙarshe. Jimla 255. Da yake par ɗin filin 71 ne, adadin da ake sa rai a kwana huɗu 284 ne, watau ya yi ƙasa da shi da bugu 29.

Kafin wannan, lambar da aka sani a manyan gasanni ita ce 257 ta Mike Souchak, wadda ya kafa a jihar Texas tun 1955. A gasannin PGA na Amurka, inda gwanayen duniya ke taruwa, ba a samu wanda ya sauka ƙasa da lambar Tupling ba sai a 2003, da Tommy Armour na uku ya yi 254. Justin Thomas ya rage ta zuwa 253 a 2017.

Sai dai masana wasan sukan ɗan ɗaga gira idan aka ambaci tarihin Tupling, kuma suna da hujja. Filin Ikoyi gajere ne idan aka kwatanta da na Amurka, tsawonsa bai wuce yadi dubu shida da 'yan kai ba. Dalili na biyu kuwa shi ne wanda ya shafi mutanen Arewa kai tsaye: kewayen ramukan filin ba na ciyawa ba ne.

Filin rairayi

A Turai da Amurka, kewayen kowane rami ciyawa ce mai laushi da ake yi wa aski kullum ana ba ta ruwa. A nan ne wasan ya fi wuya, domin wurin yana da gangara da tudu, kuma ƙwallo na iya zarcewa ta wuce ramin da nisa. A Najeriya ta wancan zamani kuwa, da rairayi ake shimfiɗa kewayen ramin, a cakuɗa shi da baƙin man mota don ya daskare kada iska ta kwashe shi. Turawa suka laƙaba wa irin wannan wuri suna browns saboda launinsa na ƙasa-ƙasa. Ƙwallo idan ta faɗo a kansa takan tsaya cak, kuma kafin ɗan wasa ya yi bugun ƙarshe akan share masa hanya da wani ƙarfe ko katako har ta yi sumul. Wanda ya fahimci wannan ƙasa zai iya tara sakamakon da ba zai samu a Augusta ba.

Wannan dabara ba ado ba ce, larura ce, kuma a Arewa ta fi zama dole. Turawan mulkin mallaka da ma'aikatan kamfanoni sun kafa filayen golf a unguwanninsu na Kano, Kaduna da Zariya, yayin da masu haƙar kuza suka kafa na Rayfield a Jos a 1913. A ƙasar da ruwan sama ke sauka wata huɗu kacal, sannan hunturu da bazara su ƙone duk wani tsiro, rairayi ne kaɗai mafita, kuma a kansa aka yi shekaru da dama ana wasa a waɗannan kulob-kulob. Duk wanda ya san jigawar ƙasar Daura, ya kuma san darajar ruwan madatsar Sabke ga masu sha da masu noman rani, ba sai an yi masa dogon bayani ba game da abin da zai ci a shayar da ciyawar ramuka 18 daga Oktoba zuwa Mayu. Ba a banza ba ne tarihin garin da kansa ya rataya a kan rijiya.

Dalilin da ya sa doki ya yi nasara

Ruwa kaɗai bai isa ya bayyana dalilin da ya sa golf bai yi saiwa a ƙasar Hausa ba. Turawa iri ɗaya ne suka kawo golf da ƙwallon dawaki, a kusan lokaci ɗaya, amma makomarsu ta bambanta ƙwarai.

Ƙwallon dawaki ta tarar da doki a gida, ta tarar da barade da masu kiwonsa, sannan ta samu uban gida. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya rungumi wasan ya sa 'ya'yansa a ciki. Ɗansa Sarki Usman Nagogo ya kai mataki na bakwai a ma'aunin gwaninta da ke tsayawa a goma, matakin da har yau ake misali da shi a Najeriya. Janar Hassan Usman Katsina da Sarki Muhammadu Kabir Usman suka ɗora. Wasan ya fito fili, da makaɗa da maroƙa da 'yan kallo, har talaka ya san sunayen dawaki da mahayansu, ya kuma san darajar kofin Georgian da ake fafatawa a kansa a Kaduna.

Golf kuwa bai samu irin wannan gata ba. Ya zauna bayan shingen kulob a unguwar Turawa, ana shiga da katin memba, kuma kulob ɗin a idon jama'a wuri ne na mashaya, abin da ya isa ya nisanta musulmi da yawa. Bayan samun 'yancin kai, manyan hafsoshin soja da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa ne suka gaji kujerun Turawan. Hatta babban filin Abuja sunan Janar Ibrahim Babangida yake ɗauke da shi.

Abin lura shi ne, ƙwararrun 'yan wasan Najeriya ba daga cikin waɗannan manya suke fitowa ba. Akasarinsu yaran da ke ɗaukar jaka ne, 'ya'yan talakawan da ke maƙwabtaka da filayen, waɗanda suka koyi wasan ta hanyar kallo, kamar dai yadda Lee Elder ya fara. Ga irin waɗannan matasa, gasar ƙwararru a gida ita ce kaɗai ƙofar da za su gwada kansu da 'yan wasan waje ba tare da neman biza da kuɗin jirgi ba. Rufewar wannan ƙofa su ta fi shafa.

Yadda gasar ta dusashe

Daga 1990 zuwa 1993 gasar Najeriya tana cikin jadawalin Challenge Tour, watau rukuni na biyu na gasannin Turai. Daga nan ta fita. Wannan ya zo daidai da lokacin da darajar naira ta zube bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, ga rikicin soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, sannan aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar Commonwealth a 1995 bayan kisan Ken Saro-Wiwa.  An maida gasar filin IBB na Abuja daga 1997 zuwa 1999, a kan ciyawa ta gaske, amma ba ta dawo da martabarta ta da ba.

Kenya, wadda suka taso tare a Safari Circuit, ta bi wata hanya dabam. Gasarta da aka fara a 1967 ta ci gaba da zama a jadawalin Turai, kuma a 2019 aka ɗaga ta zuwa babban rukuni, inda gwamnatin ƙasar ke kallonta a matsayin tallar yawon buɗe ido. Abin ya kai ga cewa ƙwararrun Najeriya irin su Andrew Oche Odoh sun riƙa tafiya Kenya da Afirka ta Kudu domin samun gasannin da za su buga.

Shi kansa wasan ya sauya hannu a duniya. A 2022 asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya ƙaddamar da gasar LIV, wadda ta janye wasu fitattun 'yan wasa daga Amurka da maƙudan kuɗi, kuma babbar gasar ƙarshen kakar Turai a Dubai ake yin ta tun 2009. Ƙasashen hamada ke nan, waɗanda su ma a kan rairayi da baƙin mai ma'aikatan kamfanonin man fetur suka fara buga wasan a cikinsu. Kyautar wanda ya ci Masters a 2025, Rory McIlroy, ta kai dala miliyan 4.2.

A Najeriya har yanzu ana shirya gasannin ƙwararru a kulob daban-daban, ciki har da na Arewa, yawanci da tallafin bankuna, kamfanoni ko gwamnatocin jihohi, amma babu wadda ke cikin jadawalin Turai kamar yadda Nigerian Open ta kasance.