Kafin a Kafa Gungun Sabobi: Abin da Maimaita Ajiyar Bayanai Ke Karewa da Abin da Ba Ya Karewa

Asibitoci, jami'o'i, bankuna da ofisoshi da dama ba sa ware kwamfuta guda ga kowane aiki a yanzu. Sukan sayi manyan na'urori biyu ko uku, su ɗora musu manhaja irin su Proxmox VE ko VMware, ita kuma ta raba kowace na'ura gida-gida. Kowane gida ya zama kwamfuta mai cin gashin kanta: wannan na riƙe da rajistar marasa lafiya, wancan lissafin albashi, na gaba kuma imel. Su ake kira sabobin manhaja, haɗakar manyan na'urorin kuwa gungu. Amfanin gungu shi ne in na'ura ɗaya ta mutu, sabobin da ke kanta su tashi a kan wata. A Proxmox hakan kan ɗauki kimanin minti biyu. Amma da sharaɗi: dole bayanan su kasance a inda sauran na'urorin za su same su. In rajistar asibiti tana cikin faifan na'urar da ta ƙone ne kaɗai, babu abin da zai tashi.

A da, akan sayi akwatin ajiya guda a jona duk na'urorin da shi. Aibin wannan a fili yake, domin ranar da akwatin ya tsaya kowa ya tsaya, kuma mai ingancin da ba ya saurin tsayawa tsada gare shi. Shi ya sa ƙananan hukumomi da kamfanoni suka karkata ga maimaita ajiya, wato a sa faifai a cikin kowace na'ura, manhaja ta riƙa kwafe abin da aka rubuta a wannan zuwa waccan.

Kwafin iri biyu ne, kuma kusan duk zaɓin da za a yi daga baya ya rataya ne a kan bambancinsu. Akwai na nan take: ba a ce wa manhajar banki "an ajiye" sai rubutun ya sauka a dukkan na'urorin. Ba a asarar komai in ɗaya ta mutu, amma kowane rubutu sai ya jira wayar sadarwa da faifan da ya fi kowa nawa. Akwai kuma na lokaci-lokaci: a rubuta a gida, a tura wa maƙwabciya abin da ya sauya bayan wasu mintuna. Wannan ba shi da nauyi, sai dai duk abin da aka rubuta tun turawar ƙarshe ya tafi ke nan in na'urar ta mutu. Saboda haka tambayar farko ta shugaban ma'aikata ce, ba ta injiniya ba: aikin minti nawa za a iya rasawa a sake shigarwa da hannu? Shafin intanet na makaranta zai jure rasa kwatan awa. Ma'ajin da ke karɓar kuɗi yana ba da rasit ba zai jure rasa ko minti ɗaya ba.

Mafi sauƙin kafawa shi ne kwafin ZFS, tsarin ajiyar da kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 2005. Na lokaci-lokaci ne. Proxmox kan tura kwafin duk minti 15 in ba a sauya ba, ana kuma iya matso da shi har zuwa duk minti ɗaya. Na'ura biyu sun ishe shi, ba ya neman sadarwa mai tsada, kuma ma'aikaci guda mai matsakaicin sani zai iya kula da shi. Ga ƙaramin ofis, sau da yawa shi ne zaɓin hankali, ko da ɗan kwangila ya raina shi.

DRBD na kamfanin LINBIT da ke Biyana a ƙasar Ostiriya, wanda ya shiga cikin ƙashin bayan Linux a 2010, yana kwafin nan take tsakanin na'ura biyu ko uku, kuma yana da sauri. Ana buƙatar wanda ya san shi sosai, musamman ranar da kwafin biyu suka saɓa.

Ceph ne ake yawan ambata, shi ne kuma ake yawan kafawa ba bisa ƙa'ida ba. Ya samo asali daga binciken digirin digirgir na Sage Weil a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, wanda ya kammala a 2007. Yana tattara duk faifan gungun ya mayar da su rumbu guda, ya daddatsa bayanai ƙanana-ƙanana ya rarraba. Bisa tsarinsa na asali, kowane yanki ana ajiye shi sau uku a na'urori uku daban-daban, kuma in kwafin da ke raye bai kai biyu ba sai ya dakatar da aiki a kan wannan yankin har a gyara. Wasu kan rage kwafin zuwa biyu, su yarda a ci gaba da rubutu a kan ɗaya, don su sami ƙarin wuri. Wannan ganganci ne. Faifai ɗaya ya lalace a lokacin da ɗayar na'urar ke kashe don gyara, shi ke nan an yi asarar da ba ta dawowa.

Lissafin wuri ma yana ruɗar masu saye. A ɗauka na'urori uku ne, kowace da faifai huɗu masu terabait 2. A takardar ɗan kwangila za a ga terabait 24. A raba uku saboda kwafi, saura 8. Ceph yana fara gargaɗi in faifai ya cika kashi 85 cikin ɗari, yana kuma hana rubutu gaba ɗaya a kashi 95. Sannan in faifai ɗaya ya mutu, sauran ukun da ke cikin wannan na'urar ne za su ɗauki kayansa, don haka dole a bar musu sarari. Abin da za a iya cikawa hankali kwance bai wuce terabait 5 da ɗoriya ba. Haka kuma a gungun na'ura uku, in ɗaya ta mutu babu inda za a sake gina kwafi na uku, sai a zauna da biyu har ta dawo. Na'ura huɗu ko biyar ne ke ba Ceph damar warkar da kansa.

GlusterFS, wanda tsofaffin bayanai a intanet ke yabawa, bai dace da sabon aiki ba: Red Hat ta daina tallafa wa nata samfurin a ƙarshen 2024, Proxmox kuma ta cire shi daga fitowarta ta 9 a 2025.

Duk tsarin da aka zaɓa, akwai batun ƙuri'a. Na'urorin gungu suna jin motsin juna ta waya a kowane lokaci. In wayar ta yanke tsakanin na'ura biyu, kowace za ta zaci ɗayar ce ta mutu, ta tayar da sabar albashi a wurinta, ta ci gaba da rubutu. Bayan awa guda an sami lissafi biyu da suka saɓa, kuma babu manhajar da za ta haɗe su, sai dai a zaɓi ɗaya a zubar da ɗaya. Maganin wannan rabuwar kai shi ne rinjaye: ɓangaren da ke da fiye da rabin ƙuri'u ne kawai ke aiki, wanda ya rasa rinjaye ya janye. Da na'ura biyu babu rinjaye in an rabu, shi ya sa ake son uku ko biyar. Wanda kuɗinsa bai kai ba zai iya ƙara ƙaramar kwamfuta, ko da Raspberry Pi ce, ta zama mai ƙuri'a ta uku kawai. Wayar da ƙuri'un ke bi kuma a ware mata hanyarta, domin tana son jinkirin da bai kai milisakan 5 ba, kuma cunkoson kwafi na iya toshe ta.

Wajen kayan aiki, araha ba ta ado. Sadarwa mai gigabit 1 tana ɗaukar kimanin megabait 115 a daƙiƙa, wato sake gina terabait 2 zai ci kusan awa biyar, ma'aikata na zaune suna kallon allo yana juyi. Ceph na son gigabit 10 ko fiye, da suwic ɗin sadarwa biyu don kada mutuwar ɗaya ta tsayar da kowa. Faifan SSD na kwamfutar gida ba shi da kariyar ɗaukewar wuta da ke cikin na sabobi, don haka yana tafiyar hawainiya a irin wannan rubutu, yana kuma saurin ƙarewa. Ceph da ZFS duka suna son ganin faifai kai tsaye, ba ta bayan katin RAID ba. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kamar yawancin garuruwan Najeriya da Nijar, akwai ƙarin haɗari: na'urori uku da ke kan UPS ɗaya da janareta ɗaya tare za su mutu. A raba musu layin wuta, a saita su su kashe kansu cikin tsari kafin batir ya ƙare, a kuma kula da na'urar sanyaya ɗaki da ƙurar hunturu.

Babban abin da ake yawan ruɗuwa a kai shi ne zaton kwafi uku sun wadatar, ba a buƙatar ajiyar ko-ta-kwana. Kwafi kamar takardar kabon ce a littafin rasit: abin da aka rubuta a sama, daidai ne ko kuskure, shi zai fito a ƙasa. In ma'aikaci ya goge rumbun bayanai, ko masu garkuwa da bayanai suka kulle shi suna neman kuɗin fansa, dukkan kwafin za su bi sahu, a Ceph nan take, a ZFS a turawa ta gaba. A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab yana ƙoƙarin gyara kwafin da ya tsaya sai ya goge bayanan babbar sabar a maimakon na mataimakiyarta, kimanin gigabait 300. Da aka waiwayi hanyoyin ajiyar kamfanin sai aka tarar yawancinsu ba sa aiki, aka koma kan wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan. Gobara ma ba ta san kwafi ba. Ranar 10 ga Maris 2021 wuta ta cinye ginin sabobi guda na kamfanin OVHcloud a Strasbourg ta Faransa, ta kuma taɓa na kusa da shi. Wasu abokan cinikin da ajiyarsu ta ko-ta-kwana ke harabar nan ɗaya sun rasa bayanansu har abada. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya a wani gini ko wani gari, da kalmar sirri dabam da ta gungun, kuma a riƙe na kwanaki da makonnin baya.

Hukumar da ta ba da kwangilar irin wannan aiki kada ta biya kason ƙarshe sai an yi gwaji a gaban wakilinta, kafin a ɗora bayanan jama'a. A zare wayar wutar na'ura ɗaya ana tsakiyar aiki, a duba agogo a ga minti nawa sabobin suka ɗauka kafin su tashi. A zare wayar sadarwa, a tabbatar saba ɗaya ba ta tashi a wuri biyu ba. A cire faifai ɗaya, a ga ko saƙon gargaɗi ya iso wayar mai kula. Daga nan a goge saba guda da gangan, a ce a dawo da ita daga ajiyar jiya. Ɗan kwangilar da ya ƙi yarda da waɗannan gwaje-gwaje, a riƙe kuɗinsa har sai ya yarda.