Wa ke ƙirga kuɗin gwamnati bayan an karanta kasafi?

A shirinmu na makon jiya wani makiyayi da ke kiwo tsakanin Jibiya da Ɗan Isa ya bugo waya da tambaya. Ya ce shekara biyu ke nan da ya ji a rediyo an saka rijiyar burtsatse ta mashayarsu a cikin kasafin kuɗi, amma har yau ko bulo ɗaya bai gani ba. Ya ce, "Malam, wai kuɗin nan wa ke bin sawunsu?" Ga taƙaitaccen bayanin da muka yi, domin wanda bai samu saurare ba ya karanta, ko a karanta masa a ruga ko a rumfar kasuwa.

Kasafi izini ne, ba kuɗi a hannu ba

Mu fara da ɓangaren Najeriya. Kundin tsarin mulkin 1999, sashe na 80, ya ce ba a fitar da kuɗi daga baitulmalin tarayya sai da amincewar majalisar dokoki. Shugaban ƙasa ne ke kawo ƙiyasin abin da za a samu da abin da za a kashe. Sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 su duba, su gyara, su amince, sannan ya sa hannu ya zama doka.

To amma a nan ne da yawa ke ruɗewa. In an ce an saka rijiyarku a kasafi, ma'anarsa an ba ma'aikata izinin kashe kuɗi a kanta, shi ke nan. Saura a saki kuɗin, saura a ba da kwangila, saura ɗan kwangila ya zo da injin haƙa. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana iya tsayawa. Misali, ayyukan raya ƙasa da ke cikin kasafin 2024 ba su kammala a shekararsu ba, har sai da majalisa ta ƙara musu wa'adi zuwa ƙarshen 2025. Ke nan jin sunan aiki a rediyo daban, ganin ruwa a kwami daban.

Kwamitoci iri uku

Majalisa ba ta iya bin kowace naira a babban zaure, shi ya sa ta raba aikin ga kwamitoci. Ka ɗauke shi kamar mai shanu da ya ba ɗan kiwo garke. Akwai ranar da aka ƙirga aka miƙa masa, akwai leƙawa da ake yi a tsakiyar damina, akwai kuma ranar dawowa da za a sake ƙirgawa.

Na farko shi ne kwamitin kasafi. Shi ke tattara lissafin ma'aikatu duka kafin a amince. A lokacin ne ministoci da shugabannin hukumomi ke zuwa abin da ake kira kare kasafi, kowa ya bayyana me ya yi da kuɗin bara, me kuma yake nema bana.

Na biyu su ne kwamitocin da ke kula da ma'aikata ɗai-ɗai: na noma da kiwo, na ruwa, na ayyuka, na kwastan. Su ya kamata su fita su ga aiki da idonsu, tunda gani ya kori ji. Tun da aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a watan Yulin 2024, makiyayi ya samu ƙofa ta musamman da zai tambayi abin da aka ware wa allurar rigakafin dabbobi da burtali da mashaya.

Na uku shi ne kwamitin binciken asusun gwamnati, mai ƙirgar dawowa. Sashe na 85 ya ɗora wa babban mai binciken kuɗi na ƙasa, wato odita janar, ya miƙa rahotonsa ga majalisun biyu cikin kwana 90 bayan ya karɓi lissafin akanta janar. Wannan kwamiti ne ke zama a kan rahoton, ya kira shugaban hukuma ya ce masa: an ba ka kaza, ina rasit, ina aikin? A al'ada ɗan jam'iyyar adawa ake ba shugabancinsa, saboda ba a ba kura ajiyar nama.

Iyakar ƙarfinsu

Sashe na 88 ya ba majalisa ikon bincike domin tona cin hanci da sakaci da almubazzaranci. Sashe na 89 ya ba ta ikon kiran kowa ya zo ya ba da shaida ko ya kawo takardu, in ya ƙi ba dalili a ba da sammaci 'yan sanda su kawo shi. Wannan ba ƙaramin iko ba ne.

Sai dai kwamiti ba kotu ba ne. Ba ya ɗaure mutum, ba ya ƙwato kuɗi da hannunsa. Rahoto yake rubutawa, zauren majalisa ya amince, a miƙa wa ɓangaren zartarwa ko hukumomin EFCC da ICPC. In can aka ajiye takardar a durowa, magana ta mutu. Ga kuma jinkiri: sau da yawa rahoton odita yakan iso bayan shekaru, lokacin da jami'in ya yi ritaya, ɗan kwangila ya canza sunan kamfani.

Su kuma masu sa idon wa ke sa musu ido?

Wani ɗan kasuwar Illela ya aiko da wannan tambaya, kuma ta zauna daidai. 'Yan majalisa su ma suna saka ayyuka a kasafi, waɗanda ake kira ayyukan mazaɓu, da a shekarun baya ake ware wa kimanin naira biliyan 100 kowace shekara. Rijiyoyi da yawa da dakunan shan magani na karkara ta nan suke shigowa. To wanda ya saka aiki da hannunsa, yaya zai tsananta bincike a kansa?

An sha yin rigima kan haka. A 2016 Abdulmumin Jibrin, bayan ya bar shugabancin kwamitin kasafi na majalisar wakilai, ya zargi shugabannin majalisar da yin cushe a kasafi. Sun musanta, aka kuma dakatar da shi. A watan Maris na 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauchi ya faɗa wa sashen Hausa na BBC cewa akwai wajen naira tiriliyan 3.7 a kasafin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Majalisar dattawa ta ce ba haka ba ne, ta dakatar da shi wata uku. Ko wa ke da gaskiya, darasin ɗaya ne: kada talaka ya naɗe hannu don ya ji an ce akwai kwamiti. Tun 2019 ma ICPC ta shiga bin sawun ayyukan mazaɓu, har ta sa wasu 'yan kwangila suka koma suka ƙarasa aikin da suka watsar.

A ɓangaren Nijar

Ƙarƙashin tsarin mulkin 2010, majalisar dokoki da ke Yamai, mai kujeru 171, ita ke amincewa da dokar kasafi bayan kwamitinta na kuɗi ya tantance. Akwai kotu ta musamman mai bin diddigin kuɗin ƙasa, akwai kuma dokar rufe lissafi da ake kawowa bayan shekara ta wuce, a gwada abin da aka yi izini da abin da aka kashe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an jingine wannan tsarin mulki, kasafi ya koma fitowa ta hanyar dokar shugaban ƙasa. An kafa hukumar COLDEFF domin ƙwato dukiyar ƙasa, a 2025 kuma aka naɗa majalisar tuntuɓa, wadda aikinta ba da shawara ne. Don haka mai koke a Maraɗi ko Ƙonni ko Magarya, ƙofarsa ta kusa ita ce kantoman gari da ma'aikatar kiwo ta yanki, ta hannun ƙungiyarsa.

Abin da ke hannunku

Kuɗin nan ai naku ne. Abin da ka biya a kara kan kowane sa, da abin da kwastan ko duwan suka karɓa kan buhun wake da albasa, shi ke komawa asusun da ake kasaftawa. Ga abin da muka ba da shawara.

Ku fara sanin aikin na wa ne: na tarayya, na jiha, ko na ƙaramar hukuma. Rijiyoyi da kasuwanni da allurar dabbobi da yawa na jiha ne, kuma majalisun jihohi irin na Katsina da Sakkwato da Jigawa suna da irin kwamitocin nan, da irin ikon nan na bincike.

In an kafa allon kwangila, ku sa yaro mai waya ya ɗauki hotonsa, da sunan aikin, da ranar. Ku riƙa karɓar rasit a kasuwa da kan iyaka, ku adana.

Ku rubuta koke da sunan ƙungiya, arɗo da sarkin kasuwa su sa hannu, ku kai wa ɗan majalisarku. Shi ke gabatar da shi a zaure, a tura wa kwamitin koke-koken jama'a. Ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. A Najeriya dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar tambayar hukumar tarayya a rubuce nawa aka saki kan aiki kaza, kuma kwana 7 doka ta ba ta ta amsa.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Ƙarshen shekara ko farkon sabuwa ake yawan zaman kare kasafi, takardar da ta isa kafin nan ta fi samun wanda zai ɗaga ta a gaban minista ko kwamishina.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan kwamitin da ke Abuja bai san rijiyarku ba ta da ruwa ba sai kun faɗa masa, kuma a rubuce. Ga mai tambayarmu na Jibiya, mun roƙe shi ya nemo mana sunan aikin kamar yadda yake a takarda da shekarar da aka saka shi. In ya kawo, za mu karanta a shiri mai zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dukiya.