Daga Indararo Zuwa Kogin Haɗeja: Amfanin Tarar Ruwan Sama a Gida

A watan Agusta, idan hadari ya haɗo a Kano, cikin rabin awa lunguna kan koma rafuka. Ruwa na kwarara daga indararo, ya bi ta zaure ya faɗa kwata, ya kwashi leda da shara da baƙin mai ya nufi rafin Jakara. Wata shida bayan haka, mazauna waɗannan lungunan ne ke jiran 'yan ga-ruwa tun da asuba.

Lissafin abin da ake asara ba shi da wuya. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama da ta sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Kano kan samu kimanin milimita 800 a damina matsakaiciya. Ke nan rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 yana karɓar lita 80,000. Ko an cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke fantsama ko ya bi iska, saura lita 64,000, wato jarka mai lita 25 sama da 2,500.

Amma ribar ba ta tsaya a ƙofar gida ba. Ruwan da ya bar Kano bai ɓace ba. Kogunan Kano da Challawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, wanda ke ratsa Jigawa, ya shayar da fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da na Jama'are su zama kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Duk ƙazantar da kwatar birni ta ɗauka, manomi da masunci da makiyayi na can ƙasa ne ke gadonta. A da, kududdufan birni da tsakar gida mai ƙasa su ne ke riƙe ruwa har ya nitse sannu a hankali ya ciyar da rijiyoyi. Yanzu an cike kududdufai da dama an yi gini a kansu, an malale tsakar gida da siminti. Ruwa ya rasa inda zai tsaya, sai ya taho gaba ɗaya: ambaliya da damina, ƙafewar rijiya da bazara. Abin takaici ne a ce gari ɗaya yana kuka da matsalolin biyu.

Aikin kansa bai fi ƙarfin mai walda da mai gyaran famfo na unguwa ba. Ana kafa mazurari a bakin kwano, a haɗa shi da bututu zuwa tanki ko duro, a sa raga a bakin shiga. Ruwan farko ba a tara shi, domin shi ne ke wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye da na ƙadangaru. Dole tankin ya kasance a rufe ruf, in ba haka ba an yi wa sauro gida. Ruwan ya wadatar wajen wanki, wanka, shayar da dabbobi da ban-ruwan zogale. Na sha kuwa sai an tafasa ko an sa sinadarin kulorin.

Sai dai ruwa ɗaya mai milimita 30 kan sauke lita 3,000 a kan wancan rufin mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, ya cika tanki har ya tumbatsa. A nan ne mafi yawan gidaje ke sakin rarar ta bi titi, alhali ita ce ta fi amfani ga ƙasa. Rami mai zurfin mita ɗaya zuwa biyu, da aka cika da duwatsu da tsakuwa da yashi, zai shanye ta ya tura ta ƙarƙashin ƙasa. Sharaɗin shi ne a haƙa shi nesa da masai da gindin katanga, musamman ta ƙasa.

Wasu ƙasashe sun riga sun gwada. A shekarar 2003 jihar Tamil Nadu ta Indiya ta wajabta tarar ruwan sama a kowane gini, kuma a shekarun da suka biyo baya ruwan rijiyoyin birnin Chennai ya ɗago. A arewa maso gabashin Brazil, inda fari ya zama ɗan gida, an gina wa iyalai tankunan siminti masu cin lita 16,000 sama da miliyan ɗaya. Manoman Tawa a Nijar kuwa sun daɗe suna haƙa ƙananan ramuka da ake kira tassa a gonaki don ruwa ya tsaya inda ya sauka, har fako ya koma yin gero.

A Kano, hukumar KNUPDA ce ke amincewa da taswirar gini. Da za ta sa tanki da ramin shanye ruwa cikin sharuɗɗan sababbin gidaje, makarantu da rukunin shaguna, kuɗin da za a ƙara bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na haƙa burtsatse. Masu tsofaffin gidaje kuma lokacin aikinsu shi ne Afrilu, kafin ruwan farko ya sauka.